Fitilar Gaban Babur Ta Ƙi Kamawa: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu zuwa wurin mai gyara da kukan fitila sun riga sun yanke hukunci tun daga gida. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce kwayil ne ya ƙone. A sayo kaya a ɗaura, bayan kwana biyu matsala ta dawo, kuɗi kuma sun tafi. Alhali sau da yawa abin da ya hana fitila kamawa bai wuce tsatsa a bakin waya ko noti guda da ya kwance ba. Amsoshin nan sun fi shafar ƙananan baburan da suka cika titunanmu, irin su Boxer, TVS, Jincheng, Haojue, Lifan da roba-roba.

Wai daga ina fitilar gaba take samun wuta, daga batir ko daga inji?

Ya danganta da babur ɗinka, kuma wannan ne abu na farko da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai. Tsari biyu ne.

A tsari na farko, wutar tana fitowa kai tsaye daga kwayil ɗin da ke cikin inji, wanda maganeto ke juyawa a kansa. Daga nan ta bi ta rektifaya, wadda aikinta shi ne ta hana wutar wuce kima, sai makunni, sai ƙwan fitila. Wannan ita ce wutar AC. A tsari na biyu, kwayil yana cajin batir ne, batir kuma shi ke ba fitila wuta ta hanyar fiyus da makulli. Wannan ita ce DC.

Gane naka ba wuya. Murɗa makulli, kada ka tayar da inji, ka kunna fitila. In ta kama, DC ce. In ba ta kama ba sai inji ya tashi, kuma haskenta yana ƙaruwa in ka murza totur yana raguwa in babur na silo, to AC ce. Da yawa daga cikin ƙananan baburanmu a kan AC suke. Mai irin wannan babur in fitilarsa ta mutu ya je ya sayi sabon batir, ya yi asarar kuɗinsa, domin fitilar ba ta ma san da batir ɗin ba.

Fitilata ta mutu gaba ɗaya, ba dim ba ful. Daga ina zan fara?

Fara da abin da ya fi arha kuma ya fi kusa da hannu. Dubi fitilar baya da ta mita. In suna ci, wuta tana fitowa daga tushe ke nan, matsalar tana tsakanin makunni da ƙwan gaba. In su ma sun mutu, ka koma baya: fiyus da makulli a babur mai DC, ko kwayil da soket ɗinsa a mai AC.

Bayan haka ka buɗe kan fitilar ka ciro ƙwan, ka ɗaga shi a haske. Zare biyu ne a cikinsa, ɗaya na dim, ɗaya na ful. In sun tsinke, ko gilashin ya yi baƙi ko ya yi fari kamar hayaƙi ya shiga, ƙwai ya gama. Amma ka lura: da wuya zare biyu su tsinke lokaci guda haka kawai. In hakan ta faru, ko dai dim ɗin ya daɗe da mutuwa kana ta tafiya da ful ba ka kula ba, ko kuma wuta ce ta yi yawa ta kashe su tare, wanda zan yi bayaninsa a ƙasa.

In ƙwai lafiyarsa lau, dubi mazauninsa. Ƙananan ƙarafan da ke taɓa gindin ƙwan suna lotsewa, suna tsatsa, wani lokaci robar ma ta narke. Goge su da samfefa, ka ɗan ɗago su da bakin sukudireba domin su matse ƙwan sosai. Daga nan sai wayar bodi, wato wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen babur, sai makunni. Kwayil shi ne na ƙarshe da za ka zarga.

Dim na kamawa, ful ba ya kamawa. Ko kuma ful na yi, dim ba ya yi.

Ko zare ɗaya ya tsinke, ko makunnin dim da ful ya yi datti. Ka kunna ful ka dubi ƙaramar shuɗiyar fitilar da ke kan mita. In ta kama, makunni ya yi aikinsa, ƙwai ne ko wayarsa. In ba ta kama ba, kwance makunnin ka wanke shi. Yi hankali wajen buɗewa, akwai ɗan ƙaramin sifirin da ƙwallon ƙarfe a ciki, in suka yi tsalle cikin yashi ba ka ƙara ganinsu.

Duk sati sai na sayi ƙwai. Kayan ne jabu ko babur ɗin ne?

Jabun ƙwai yana nan a kasuwa, ba musu. Amma in ka sa uku a jere duk suka mutu cikin ɗan lokaci, daina zargin mai shago, ka auna wutar.

Babban mai laifi a nan ita ce rektifaya. Kwayil ba ya san iyaka, gwargwadon gudun inji gwargwadon wutar da yake fitarwa, kuma in ba abin da ya tare ta tana iya haura volt 20 ko 30 ma. Rektifaya ce ke datse ta a wajen 14. In ta lalace, ko wayar bodinta ta saki, ko soket ɗinta ya yi tsatsa, duk wutar nan sai ta afka wa ƙwan. Alamarsa a fili take: kana ba babur wuta sai ka ga fitila ta yi wani irin haske fari fat, wanda ba ka saba gani ba, jim kaɗan ta ɗauke. Sau da yawa ƙwan baya da na mita su ma sukan tafi tare. Ƙwan halojin ba ya jure ƙarin wuta ko kaɗan. Ƙarin kashi 5 cikin 100 kan abin da aka yi shi dominsa yana rage kusan rabin kwanansa, balle a ninka masa.

Yadda za a gwada: a sa mitar awo a kan wayar fitila da bodi, a juya ta zuwa AC in babur ɗin mai AC ne, a tayar da inji a murza totur a hankali. In awon yana ta hawa ya wuce 15 bai tsaya ba, rektifaya ce. A mai DC kuma a auna a kan batir: tsakanin 13.5 da 14.5 shi ne daidai idan inji na gudu. Kafin ka sayi sabuwa, cire soket ɗin tsohuwar ka goge, ka ɗaure notinta da kyau a jikin ƙarfe mai tsabta, ka sake aunawa. Rektifaya da yawa an jefar da su alhali lafiyarsu ƙalau.

Abu na biyu shi ne girgiza. Zaren ƙwai idan ya yi zafi yana laushi, in kan fitilar yana rawa saboda noti ya kwance ko robar da ke riƙe shi ta cinye, hanyar ƙauye mai gargada za ta tsinke shi. Na uku kuma hannunka ne. Ƙwan halojin ba a kama gilashinsa da yatsu, domin maiƙon hannu yana sa wurin ya fi sauran zafi har gilashin ya kumbura ko ya fashe. Riƙe shi ta gindi, ko ka sa tsumma mai tsabta.

Fitilar tana kamawa amma hasken ja ne, ba na ganin rami sai na faɗa.

Wutar da ke isa ƙwan ce ba ta kai ba. Hasken irin wannan ƙwai yana faɗuwa fiye da yadda wutar ke faɗuwa: in wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske yana raguwa da kusan kashi 30. Wato volt ɗaya da ɗoriya da ya ɓace a hanya ya isa ya mayar da fitilarka kamar aci-balbal.

Ina wutar take ɓacewa? A kowane mahaɗi mai tsatsa, a cikin makunni mai datti, da kuma inda wani ya taɓa yanke waya ya murɗa ta da hannu ya naɗe da leda. Hanyar ganowa ita ce a auna wuta a tushe, a sake aunawa a bakin ƙwan yana kunne. In bambancin ya wuce rabin volt, a bi wayar gaɓa-gaɓa. Ko ba mita ma, bayan fitila ta yi minti biyar a kunne ka shafa soket-soket ɗin. Wanda ka ji ya yi zafi, nan ne wutar ke tsayawa.

Kada a manta da kan fitilar kansa. Madubin da ke bayan ƙwan in ya dushe ko ya ɓare, ko gilashin roba ya yi rawaya saboda rana, ko ƙurar hunturu ta shige ciki ta kwanta, ko wane irin ƙwai ka sa ba za ka ga hanya ba.

Mai gyara ya ce min matsalar bodi ce. Me yake nufi?

Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo. Waya ɗaya ke kai ta ƙwan, wata kuma ta mayar da ita jikin ƙarfen babur. Wannan ta biyun ita ce wayar bodi, kuma a ganina ita ce aka fi mantawa da ita a duk harkar wutar babur.

In ta saki, wutar sai ta nemi wata hanyar komawa, daga nan ne ake ganin abubuwan mamaki. Ka kunna dim, sai zare biyun su yi ja tare ba haske, shuɗiyar fitilar mita ita ma ta ɗan kama. Ka taka birki, fitilar gaba ta dushe. Ka sa sigina, fitila ta riƙa ƙiftawa tare da ita. Duk wanda ya ga irin wannan kada ya sayi komai tukuna. Ɗauki guntuwar waya, ka taɓa baki ɗaya a gindin ƙwan inda wayar bodi take, ɗaya bakin a jikin inji. In haske ya dawo tangaram, ka gano ciwon. Kwance inda aka ɗaure wayar a firam, ka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure, ka shafa ɗan giris a kai.

In na juya kan babur hagu ko dama sai fitila ta ɗauke.

Waya ce ta karye a cikin rigarta a daidai wuyan babur, inda damin wayoyi ke lanƙwasawa kullum. Daga waje za ka gan ta lafiya. Kunna fitila ka riƙa motsa wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ka sami wadda ke sa ta ƙiftawa. A yanke wurin, a ƙara sabuwar waya, a yi mata solda, a bar mata ɗan sako-sako yadda kai zai juya ba tare da ya ja ta ba.

Fiyus yana ta ƙonewa. In naɗa masa waya ko takardar sigari ba zai yi ba?

Zai yi, har ranar da hayaƙi zai taso daga ƙarƙashin tankin mai. Fiyus an yi shi ne domin ya mutu a madadin wayoyin babur. In yana ƙonewa, akwai wayar da ta fige tana taɓa ƙarfe, ko an ɗora wa layin kaya fiye da ƙarfinsa. In ka maye gurbinsa da waya, damin wayoyin ne zai narke, kuma yana bi ne ta gefen tanki da tiyon mai. Wannan abu yana tayar min da hankali duk lokacin da na gan shi a babur ɗin da ake ɗaukar yara zuwa makaranta.

Mayar da mai lamba irin wanda ka cire, 10A ko 15A ne a yawancin ƙananan babura. Domin gano inda wayar ta haɗe ba tare da ka ƙona fiyus goma ba, ga dabara: haɗa ƙwan sigina a gurbin fiyus ɗin. Muddin akwai haɗewa, ƙwan zai yi haske sosai. Sai ka riƙa cire soket ɗaya-ɗaya, wanda ka cire hasken ya mutu ko ya dushe, layinsa ne mai matsalar. Fara da abubuwan da aka ƙara wa babur daga baya: cajar waya, jiniyar ɓarayi, rediyo, fitilun ado.

Zan iya sa ƙwai mai ƙarfi, irin na mota, domin in ƙara haske?

Ƙwan yawancin waɗannan babura 35/35 wat ne, yana jan wajen amp 3. Na mota mai 60/55 yana jan kusan amp 5. A babur mai AC kwayil ɗin ba shi da wannan ƙarfin, don haka babban ƙwan zai ba ka haske ƙasa da na ƙaramin, musamman a silo. A mai DC kuma zai riƙa cinye batir fiye da yadda ake cajinsa, ya zafafa makunni, ya narkar da mazaunin ƙwan da madubin roba. Tsaya a kan lambar da aka rubuta a gindin ƙwan asali.

To LED fa? Kowa yanzu shi yake sawa.

LED yana da amfani na gaske: ba ya jan wuta da yawa, ba shi da zaren da girgiza za ta tsinke. Amma shi da wutar DC yake aiki. In ka ɗaura shi kai tsaye a layin AC, zai riƙa ƙifce-ƙifce a silo, kuma ba zai daɗe ba, sai dai in irin wanda aka rubuta AC/DC a kwalinsa ne. Masu gyara sukan mayar da layin fitilar kan batir, wanda ba laifi in an bi ta bayan makulli aka kuma sa fiyus. Sai dai a auna a tabbatar cajin yana riƙe batir ɗin fitila na kunne, domin baburan AC cajinsu ɗan kaɗan ne, an yi shi ne don hon da sigina da sitata kawai. Akwai kuma wani abu: wutar da tsohon ƙwan yake sha, yanzu rektifaya ce za ta riƙa zubar da ita ta hanyar zafi, don haka mai rauni tana iya mutuwa da wuri.

Abin da ya fi damuna da LED shi ne idon mutane. Madubin fitilar an ƙera shi ne daidai da inda zaren ƙwai yake zama. LED mai arha hasken nasa ba daga wannan gurbin yake fitowa ba, sai ya watsu ko'ina, ya kashe wa mai tahowa ido, kai kuma ba ka ganin nesa. Wanda ka makantar a kan siririyar hanya kanka zai yo. In za ka saya, nemi wanda ƙwayoyin haskensa suke daidai inda zaren yake, kuma ka saita fitilar bayan an ɗaura.

Yaya ake saita ta?

Tsayar da babur a wuri mai daidai, kamar mita 7 da rabi daga bango, kana zaune a kai. Auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bango a wannan tsayin. Kunna dim. Saman hasken ya kamata ya sauka kamar santimita 5 ƙasa da alamar. Akwai sukuru ko noti a ƙasan kan fitilar ko a gefensa na ɗagawa da saukewa. Mai ɗaukar fasinja ko buhuna ya ƙara sauke ta kaɗan, domin nauyi a baya yana ɗaga hancin babur.

Da na kunna fitila sai hon ya shaƙe, da safe kuma sitata ba ta tashi.

Wannan na masu DC ne, ko waɗanda aka mayar da fitilarsu kan batir. Auna batir bayan ya huta: mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6. Tayar da inji ka ɗan ba shi wuta, fitila na kunne. In awon ya haura 13.5, caji na yi, batir ne ya tsufa. In ya tsaya a 12 ko yana sauka, caji ne babu, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya bi sahun tsohon. Batir mai ruwa a duba ruwansa, zafin bazara yana ƙafar da shi. In ya sauka, ruwan da aka tace na batir ake ƙarawa, ba asid ba.

Batir ɗina ya mutu, na cire shi ina tayarwa da ƙafa. Akwai illa?

Akwai. Batir yana shanye tsalle-tsallen wutar da kwayil ke fitarwa. In babu shi, ƙwayayen sigina da na birki da rektifaya su ke ɗaukar dukan. In dole ta sa, aƙalla ka naɗe bakin jar wayar da salatif kada ta taɓa firam.

Daga wankin babur, ko bayan ruwan sama, fitila ta fara wasa.

Ruwa ya shiga makunni ko soket. Cire su, ka busar, ka fesa man feshin da ke korar ruwa, ka shafa ɗan giris a bakin soket kafin ka mayar. Ka roƙi yaran wanki kada su saita bakin injin feshi a kan makunnai da bayan fitila. In kana ganin raɓa a cikin gilashi, robar da ke rufe bayan ƙwan ta yage ko an manta ba a mayar da ita ba.

Wace waya ce wace? Launukan sun rikita ni.

A tsarin Honda, wanda yawancin baburan Sin suka bi, koriya ita ce bodi, shuɗiya ful, fara dim, rawaya kuma ita ke kawo wutar fitila daga kwayil. Ja daga batir take, baƙa kuma wutar bayan makulli. Yamaha baƙa ce bodinta, Suzuki baƙa mai ratsin fari, Kawasaki baƙa mai ratsin rawaya. Ka ga ke nan baƙar waya a wani babur bodi ce, a wani kuma wuta ce. Ga shi kuma babur ɗin da ya sha hannu, kowane mai gyara da irin wayar da ya samu yake ƙari. Kada ka dogara da launi kaɗai, gwada da ƙwan gwaji, wato ƙwan sigina da aka haɗa wa waya biyu, kafin ka haɗa.

Yaushe ne za a ce lallai kwayil ne?

Sai an cire soket ɗin da ke fitowa daga inji, an sa mita a AC tsakanin wayar fitila da jikin inji, an tayar. Kwayil mai lafiya zai ba da wuta tun a silo, tana hawa sosai in an murza totur. In babu komai, ko ba ta motsi, sannan a buɗe murfin maganeto. Ƙonannen kwayil ana ganinsa, naɗin ya yi baƙi yana warin ƙuna. Wani lokaci ma waya ce kawai ta saki daga solda, a mayar da ita a rufe. Akwai masu sake naɗi, kuma na ƙwararre yana aiki, amma in adadin naɗin ko kaurin wayar bai yi daidai ba, za ka koma ko dai hasken ja ko ƙonewar ƙwai.

Ta mutu mini da dare a tsakiyar hanya. Me zan yi?

Sauka daga kan kwalta tukuna, ka bar sigina tana yi. Gwada ɗaya zaren, in dim ne ya mutu ful na iya kai ka gida, sai ka ɗan sunkuyar da kan fitilar saboda masu tahowa. Motsa makunni, ka bubbuga kan fitilar da tafin hannu, ka duba fiyus. Ƙwai guda da fiyus biyu da ƙaramin sukudireba ba su da nauyi, a naɗe su a tsumma a ajiye a akwatin gefe. In duk ba ta kama ba, kada ka bi bayan mota kana aron haskenta, kuma tocilan ɗin waya ba fitila ba ce, domin direban babbar mota ba zai gan ka da ita ba. Tura babur ɗin zuwa gari mafi kusa, ko ka kira a zo a ɗauke ka.

Wane gyara zan yi da kaina, wanne zan kai wa rewaya, mai gyaran wutar babur?

Canza ƙwai da fiyus, goge soket, gyara wayar bodi da saita haske, duk mai babur zai iya. In ka yi wa kanka ƙwan gwaji, wato ƙwan sigina da aka haɗa wa waya biyu, ka rage rabin wahala. Amma narkakken damin wayoyi, mayar da AC zuwa DC, da buɗe maganeto, waɗannan na rewaya ne. In ka je, ka gaya masa abin da ka gani daki-daki: yaushe take ɗaukewa, a silo ko a gudu, me aka ƙara wa babur ɗin kwanan nan. In ya ce a sayo kwayil ko rektifaya, ka ce masa, "Oga, don Allah a ɗan auna mini in gani tukuna." Ka kuma karɓi tsohon kayan da aka cire ka tafi da shi.